Ziyararmu Abhur Da Darasin Ɗakin Bayan Gida

Sa'ad da muka sauka Jidda, sai wani ɗan'uwanmu wanda ya daɗe a can yana tuƙin mota ya ce lalle sai mun je mun ga inda yake kwana a Abhur. Muka ce to, gani ya kori ji. Da la'asar sakaliya ya zo ya ɗauke mu, muka miƙa arewa.

Ita Abhur tana kimanin kilomita 30 daga tsohon garin Jidda, gaba da filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz wanda aka buɗe a 1981. A nan ne Bahar Maliya ta tsaga ƙasa ta shigo ciki kusan kilomita 10, Larabawa suna ce wa wannan mashigi Sharm. Dā wurin masunta ne da masu zuwa shan iska, yau kuwa gari ya cim masa, gidaje sun cika gefe da gefe. Daga nesa muka hango hasumiyar nan da aka fara a 2013, aiki ya tsaya a 2018, aka koma kansa a 2025, ana nufin ta wuce mita 1,000. Muka yi kallo muka wuce, domin abin da ya shafe mu yana ƙasa.

Kusan kowane babban gida da muka gifta, akwai ɗan ƙaramin gini maƙale da shi. Sunansa a can mulhak, watau abin da aka ƙara. Wani a kan rufin bene yake, wani a jikin katanga da ƙofarsa ta kansa zuwa titi. A ciki ake ajiye direba, ko a sauki baƙi, ko ɗa in ya yi aure, ko tsohuwa in ƙarfinta ya ƙare. Muka dubi juna muka ce ashe abin namu ne. Wane maigida ne a Zongo bai taɓa ƙara ɗaki a tsakar gida domin baƙo ko ɗan haya ba?

A irin wannan ɗaki ɗan'uwanmu yake zaune. Maigidansa dattijo ne mai son hira, ya fito ya sa aka kawo gahawa da dabino. Muka ce, "Baba, yaya aka yi ɗakin nan ya yi kyau haka?" Ya yi dariya ya ce kafin a sa bulo ɗaya sai da ya gaji da tambaya. Da fari wani magini ya ce masa a ɗora ɗakin a kan rufi, aiki ba wuya. Shi kuwa ya tuna wanzami ba ya cewa kai bai isa aski ba. Saboda haka ya nemi injiniyan da ba shi zai yi ginin ba, ya biya shi ladan dubawa kaɗai. Wannan ya ce harsashin gidan ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba, a gina a ƙasa.

Ga abubuwan da muka koya a zaman nan. Na farko takarda. A can ba a taɓa gini sai da takardar mallakar fili, da zanen da ofishin injiniyoyi ya yi, sa'an nan a nemi izni daga hukumar garin Jidda ta hanyar Baladi, wurin da ake shigar da takardun nan a intanet. Doka ta faɗi tazarar da za a bari da iyakar faɗin abin da za a ƙara, wanda ya ƙetare kuwa tara ce, wani lokaci har da rushewa.

Na biyu ƙasa. Abhur bakin teku ce, in an haƙa rami ba a nisa sai ruwan gishiri. Iskar ma da laima take. Gishiri kuwa abokin gābar rodi ne, yana sa shi tsatsa a cikin siminti har bango ya tsage, mai gida bai sani ba. Na uku ruwa da wuta: ina ruwan wanka zai bi, shadda za ta ɗauki ƙarin mutane, mita ɗaya za a haɗa ko kowa da tasa? Kada ku ce Jidda ba ta ruwan sama. A watan Nuwamba na 2009 ambaliya ta kashe mutum fiye da 100 a garin. Na huɗu, wa zai zauna ciki, kuma har yaushe? Ɗakin da aka yi wa tsohuwa a saman matakala ashirin, an yi mata kurkuku ne.

Da dattijo ya shiga gida, ɗan'uwanmu ya ba mu nasa labari, jikinmu ya yi sanyi. Dā a kudancin gari yake da iyalinsa. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni da dama da ta ce an gina ba bisa tsari ba, irin su Sabil da Karantina da Gulail, inda jikokin mutanenmu da suka zo aikin Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suke da yawa. Masu takardar fili suka sami hanyar neman diyya. Baƙi 'yan haya kuwa sai kwashe kaya, ga kuɗin haya ya tashi. Ya ce, "Yaya, ɗaki bisa ɗaki aka yi ta ƙarawa shekara da shekaru, rana ɗaya ta share su."

To, jama'a, wannan magana ba ta Jidda kaɗai ba ce. Har a Amurka, jihar Kalifoniya ta sassauta dokarta a 2016 domin mutane su sami ikon ƙara ɗan gida a bayan gidajensu, saboda tsadar muhalli. Mu ma nan mun san jan fentin da hukuma take rubutawa a bango, a Nima ko a Kumasi, cewa a tsai da aiki a kawo izni. Mun kuma san abin da ruwa ya yi a Ankara ran 3 ga Yuni, 2015, da irin ɓarnar da gini a kan magudanar ruwa yake jawowa.

Saboda haka wanda ya tara ɗan abin hannunsa yana son ƙara ɗaki, kada ya fara da sayen siminti. Ya duba takardarsa, ya je ofishin hukumar gari ya tambaya da kansa, ya nemi shawarar masani wanda ba ya cin komai a ginin, ya kuma zauna da magada da maƙwabta tun ana ga juna. Tambayar wata guda ta fi shari'ar shekara goma araha.

Bayan magariba ɗan'uwanmu ya komar da mu masauki, fitilun jiragen ruwa suna ƙyalli a cikin Sharm. Allah ya saka masa da alheri, shi da maigidansa, amin.