Sifili, Shida, Huɗu

Kamfanin NITEL bai cika shekara talatin a duniya ba, amma an kai shi kasuwa an dawo da shi fiye da tsohuwar akuyar da ta gagari dillalai. An haife shi a farkon 1985, aka sayar da gawarsa a ƙarshen 2014. Masu rubuta tarihinsa sukan ƙirga layuka da daloli, su ce ga abin da ya ci, ga abin da ya ɓatar. Mu da muka tashi a gindin Goron Dutse akwai wani lissafin da muka sani wanda bai taɓa shiga littafin akawun kamfanin ba, shi ne yawan kunnuwan da ke rataye da layi guda.

Asalin kamfanin aure ne aka ɗaura tsakanin gida biyu. Gida na farko shi ne ɓangaren tarho na tsohuwar ma'aikatar P&T, wadda mu muka sani da gidan waya, mai kula da wasiƙu da tangaraho da tarhon cikin gida tun zamanin Turawa. Na biyu shi ne NET, mai haɗa Nijeriya da ƙasashen waje, wanda ya gaji aikin kamfanin Cable and Wireless na Ingila. Su ne masu dogon benen nan na Legas da ya yi gobara a 1983. Waya kuwa ta daɗe da shigowa, don tun 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, shekara 17 kafin Turawa su ci Kano. Gwamnatin Janar Buhari ce ta raba wasiƙu da tarho, ta haɗe tarhon ciki da na waje, aka raɗa wa jaririn suna NITEL. A wancan lokacin kowane gari da lambarsa: Legas 01, Sakkwato 060, Kaduna 062, Katsina 065, Zariya 069. Tamu ta Kano 064.

A lungunmu gida ɗaya ne ke da tarho, gidan wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Akwatin yana cikin zaurensa na biyu, bisa ɗan tebur, an lulluɓe shi da ƙyallen saƙa, an kuma sa wa faifan lambobin ɗan ƙaramin kwaɗo don kada yara su yi ɓarna. Amsa kira kyauta ne ga kowa, bugawa kuwa sai da izinin maigida. Lambar Alhaji ita ce lambar unguwa. Ita ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello ke rubutawa a takardunsu, ita mutanenmu na Jidda da Makka suka haddace, ita direbobin da ke kai shanu Legas ke riƙe da ita a aljihu. Idan aka ce ƙasar nan tana da layukan tarho kusan 400,000 masu aiki kafin 2001, alhali mutanenta sun haura miliyan 100, gaskiya aka faɗa. Sai dai layi ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da gida wajen arba'in a bayan ganuwa.

Yadda abin ke gudana shi ne, mai kira zai bugo ya ce a kira masa wance, zai sake bugowa bayan minti goma sha biyar. Sai a tashi yaro. Ni na sha zama yaron nan. Ka ruga da gudu ka yi sallama, ka ce, "Inna, wai ki zo gidan Alhaji, Yaya zai bugo daga Jidda." Nan take sai gida ya rikice, a nemi mayafi, a nemi takalmi, kishiya ta ce a gaishe shi, ƙanwa ta ce a tuna masa maganar agogo. Tsohuwa ta zo ta zauna bisa tabarma tana jiran ƙarar, hannunta na rawa. Idan ta ɗauka kuma sai ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta, don a ganinta Jidda da nisa. Saboda haka babu asirin da ke kwana: kafin ta koma gida an san nawa aka aiko, an san wa za a yi wa aure bayan Sallah. Abin da ba ya faɗuwa a zauren mutane sai a ɗauke shi a kaset, a ba wa alhazai su kai.

Kira bayan lisha kuwa ba a son sa. Duk wanda aka buga wa ƙofa da dare aka ce ana nemansa a tarho, da salati yake fitowa. Alhaji ya san haka, shi ya sa idan rasuwa ce ba ya tashin yaro. Shi da kansa yake sa hula, ya biya ta gidan liman, su tafi tare. Na tabbata babu wani injiniyan kamfanin da ya san cewa wayar da ya ja daga kan titi ta mai da ɗan kasuwa mai kai saƙon mutuwa na unguwa guda, shekara da shekaru, ba albashi.

A wancan zamani ne aka yi ta yaɗa maganar da aka jingina wa David Mark, ministan sadarwa na gwamnatin Janar Babangida, wai tarho ba na talaka ba ne. Shi dai ya ce an juya masa magana. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, abin da ya sa zancen ya zauna shi ne mutane sun ga ya yi daidai da abin da idonsu ke gani, domin a duk faɗin ƙasar mai neman layi yakan yi shekaru yana jira. Ko da aka kafa hukumar NCC a 1992, aka kuma fito da wayar tafi-da-gidanka mai lamba 090, wadda M-Tel ya riƙe daga 1996, abin ya tsaya a hannun manya, ana ɗora ta kan tebur a wurin ɗaurin aure don a gani.

Sai ga 2001. A watan Janairu gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka biya, suka fara aiki a watan Agusta. An ware wa NITEL nasa lasisin, ga shi da gine-gine a kowane babban gari, ga ƙwararrun ma'aikata, ga hannu a wayar SAT-3 ta ƙarƙashin teku. Duk da haka baƙin da suka zo jiya suka wuce shi tun ba a je ko'ina ba. Kafin shekara biyu 'yan mata da samari sun kafa lema da tebur a bakin Ƙofar Kabuga ana buga waya a biya kuɗin minti, sa'an nan Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa.

Daga nan sai jerin masu taya. Wani kamfani mai suna IILL ya taya kashi 51 cikin 100 a kan dala biliyan 1.3 a 2001, ya ba da kafin alƙalami da kuɗin da First Bank ya ranta masa, ya kasa cikawa, kuɗin suka nutse. A 2003 aka miƙa ragamar gudanarwa ga Pentascope na ƙasar Holan, aka karɓe a 2005 bayan asara ta yi yawa. Orascom na Masar ya taya, gwamnati ta ce albarka. Transcorp ya saya a 2006 a kan dala miliyan 500, ma'aikata suka yi watanni ba albashi har da yajin aiki, gwamnatin 'Yar'aduwa ta soke cinikin a 2009. A 2010 wasu suka yi alkawarin dala biliyan 2.5, ba a ga kuɗin ba. Daga ƙarshe NATCOM ya kwashi kadarorin a kan dala miliyan 252, ya fito da ntel a 2016 a Legas da Abuja. Abin da aka taya sama da biliyan ɗaya a kan rabinsa, ga shi an sayar da shi dungurungum bai kai kuɗin lasisi guda na 2001 ba. A ganina kowane mai taya ginin da lasisin ya hango, gwamnati kuma kuɗin ta hango, aka bar wayar tana ruɓewa a ƙasa, ɓarayin tagulla na tonewa.

Ba na cewa a koma jiya. Inna ta rasu da wayarta a ƙarƙashin matashi, tana magana da ɗanta duk lokacin da ta ga dama, ba mai saurare sai Allah, kuma wannan hakkinta ne da aka daɗe ana tauye mata. Amma ranar da labarin rasuwar wani maƙwabcinmu ya zo daga Abuja, kai tsaye ya faɗa wayar matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe, ita kaɗai, babu liman, babu dattijo a bakin ƙofa.

Tarhon Alhaji ba a san ranar da ya mutu ba. An dai wayi gari an ɗauka ba a ji komai ba, aka ce ko ruwan sama ne, aka jira, har aka daina jira. 'Ya'yansa sun bar akwatin a inda yake, da ƙyallensa da kwaɗonsa. A Fagge da Kantin Kwari kuma, idan ka ɗaga kai sama da sababbin allunan shaguna, za ka ga wasu tsofaffi da fenti ya koɗe, an rubuta sunan mai shago da 'ya'yansa, da lambar akwatin gidan waya, a ƙasa kuma 064 da lambobi shida.