Kano: inda ake kwance wa salula dabaibayi

Daga Maraɗi zuwa Kano ba tafiya ce mai nisa ba. Mota ta tashi da sassafe, ta tsaya Ɗan Isa gaban ƴan duwan da jandarmomi, ta ƙetara Jibiya, ta ratsa Katsina, in shingayen hanya ba su yi yawa ba kafin la'asar fasinja ya sauka tashar Ƙofar Ruwa. Mutanen Damagaram su kuwa ta Matamaye da Kwangwalam da Daura suke biyowa, ko ta Magarya da Ɓaɓura. Hanyoyin nan tun na kaka da kakanni ne, waɗanda sunka bi su da jakai da raƙuma ɗauke da kanwa da gishiri da fatu, su komo da goro da rinannun tufafi. Yau cikin motocin akwai wasu irin fatake da hajarsu duka ba ta cika jakar hannu ba, amma kuɗin da ke kwance cikinta sun fi na buhun gero ashirin. Fataken salula ke nan.

Zangon farko shi ne Wapa, cikin unguwar Fagge, inda ake musanya sefa da naira. Tun daga watan Yuni na 2023, da Nijeriya ta sakar wa kuɗinta mara, naira ta faɗi ƙwarai, har mai jikkunan sefa yakan ji kamar aljihunsa ya yi nauyi. Sai dai murnar ba ta daɗewa, domin salula da dala anka sayo ta, kuma farashinta dalar yake bi. Daga Wapa ɗan kasuwa ya hau a-daidaita-sahu, ya ce a kai shi Farm Centre, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Kano tana da wasu wuraren cinikin waya, kamar titin Beirut, amma wagga kasuwa ita ce ta yi suna har ƙetaren iyaka.

Tun bakin ƙofa samari ke tare baƙo: «Alhaji, saye ko sayarwa? Ko gyara ne?» Ciki kuwa shaguna ne jere, da teburori ƙarƙashin laima, da akwatunan gilashi cike da wayoyi an ɗaure su goma-goma da roba. Injinan wuta na ruri, ƙaurin narkakkar dalma na tashi, mai shayi da mai sayar da ruwan leda suna kutsawa tsakanin jama'a. Duk yaron da ya iya riƙe sukuddireba sunansa injiniya. Hausa ɗaya ake yi, amma kunnen ɗan Nijar sai ya ɗan saba: abin da yake kira pis nan sim ne ko layi, rezo ya koma sabis, kredi ya koma kati, in kuma ya ce a yi masa dekodaj sai an tambaye shi ko buɗe waya yake nufi. Kasuwar ta sha wuya. Ran 18 ga Nuwamba 2015 ƴan ƙunar baƙin wake biyu sunka tayar da bam cikinta, rayuka sunka salwanta. Ranar babbar Salla ta 2025 kuma gobara ta cinye shaguna masu yawa. Kowane karo ƴan kasuwa sun share toka sun sake shimfiɗa tebur.

Haja iri biyu ce. Akwai sababbi cikin kwali, Tecno da Itel da Infinix, na kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, waɗanda don Afirka anka ƙera su: gurbin pis biyu, batir mai jimiri, ba kulle ba dabaibayi. Waɗanga ba su da labari. Labarin yana wajen na hannu, iPhone da Samsung da anka yi amfani da su wata ƙasa, waɗanda ake kira «Landan yus» ko da ba su taɓa ganin Landan ba. Da yawansu Amurka sunka baro. Mai ita ya maida ta ga kamfani don a ba shi sabuwa, anka tara ta da dubban ƴan uwanta, anka kasa su daraja-daraja bisa lafiyar jiki, anka yi gwanjonsu. Daga nan sai Hong Kong ko Dubai, sai Legas, kasuwar Computer Village ta Ikeja, sai Kano. Kafin wayar ta iso hannun wani malamin lakwal a Tasawa ta ga duniya fiye da shi.

Mai karatu zai tambaya: wa ya ɗaure ta, kuma don me? Can Amurka ba kasafai ake sayen waya kuɗi hannu ba. Kamfanin sadarwa ne ke ba mutum ita bashi, yana biya kaɗan-kaɗan wata 24 ko 36, tare da kuɗin layi. Don kada ya karɓi waya da sauƙi ya koma ga abokin hamayya, sai kamfani ya sa mata dabaibayi, ta yadda ba za ta yi kiwo ba sai garken ubangijinta. Yadda take gane baƙo kuwa abu ne mai sauƙi. Kowane pis yana ɗauke da lamba da ke farawa da shaidar ƙasa, sannan ta kamfani: Nijar 614, Nijeriya 621, Faransa 208, Ingila 234, Amurka 310 da masu bi mata. Wayar da anka hore ta ga 310, in ta karanta 614, sai ta ce ba ta san wannan ba. Ba lalacewa ta yi ba. Umurni take bi.

Ƙofofin buɗewa uku ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko ita ce ta halal ƙwarai: kamfanin da ya ɗaure shi ne zai kwance. Sharaɗinsa a gama biyan bashi, wayar ta yi wasu kwanaki tana aiki bisa layinsa, wani kamfani kwana 40, wani 60, kuma kada a ce an taɓa kai ƙarar sace ta. Ga iPhone babu wata lamba da ake bugawa. Kamfanin sadarwa ne ke sanar da Apple, a canza matsayin wayar cikin kundinsa, ranar da ta hau intanet sai ta tashi a sake. Wadda anka buɗe ta haka ita ce mai tsada, domin ko Makka anka tafi da ita za ta karɓi pis ɗin can.

Ta biyu ita ce lambar sirri, ga Samsung da sauran masu aiki da Android. In an sa baƙon pis, wayar ta nemi lamba. Injiniya zai kwafi lambar IMEI, wato shaidar wayar mai harufan ƙirga 15 da ke fitowa in an buga *#06#, ya aika ta intanet ga wani dillali da bai taɓa gani ba, ya biya da dala, ya jira awa ɗaya ko kwana uku. Nan ake gane gwani da ɗan koyo. Wayar ba ta yarda a yi ta cinke. Bayan kuskure kaɗan sai ta ƙulle gam, ta nemi wata lamba ta biyu wadda ta fi wuyar samu. Yaro mai gaggawa yakan maida ƙaramin ciwo babba cikin minti biyar.

Ta uku wayo ce kawai. Wani ɗan falle ne mai kauri kamar ɓawon albasa, da ake kira cip, ana shimfiɗa shi tare da pis cikin gurbi ɗaya, yana yi wa wayar ƙarya cewa layin gida ne ke ciki. Tana kira, tana shiga WhatsApp, mai saye ya ga komai daidai, kuɗinta kuma ƙasa da na ƴar uwarta. Amma dabaibayin na nan, sassauta shi anka yi. Ranar da anka sabunta manhajar wayar, ko anka wanke ta, ko anka canza pis daga Airtel zuwa Zamani ko Moov, rezo na iya ɗaukewa. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah yakan faɗa tun da fari: «Malam, wannan mai cip ce.» Wanda ba ya da shi yakan yi shiru, ya bar mai saye da gano abinsa bayan ya koma Dakwaro, inda babu injiniya kusa, kuɗin motar dawowa Kano kuma sun cinye rangwamen da ya samu. Araha ba ta ado.

Har yanzu waɗanga duka ciwon kamfani ne, suna da magani. Akwai kulle biyu da sunka fi su tsanani, kuma su ke kai mutum ga asara ko ofishin ƴan sanda. Na ɗaya shi ne baƙin kundi. In an sace waya, ko mai ita ya gudu da bashi, kamfani yakan rubuta lambar IMEI cikin jerin haramtattu, wanda ƙungiyar GSMA ta kamfanonin sadarwa na duniya ke tattarawa. Ba dukan ƙasashe ke aiki da kundin ba, shi ya sa wayar da ta mutu a Landan take iya farfaɗowa wata nahiya, kuma shi ya sa satar take da riba. Cikin 2024 kaɗai wajen wayoyi 80,000 anka sace a Landan, ƴan sandan birnin kuma sun ambaci Aljeriya da Sin da Hong Kong cikin manyan wuraren da suke ƙarewa. Masu canza lambar IMEI don ɓad da sawu suna nan ko'ina, ko da yake Ingila ta maida wannan laifi tun 2002. Kada a ɗora wa Turai komai: wata wayar ba teku ta ƙetaro ba, daga aljihun wani anka zare ta a Kantin Kwari ko babbar kasuwar Maraɗi, kuma in bincike ya biyo sawu, wanda anka same ta hannunsa shi ke kwana bayan kanta.

Na biyu shi ne kullen mai waya da kansa. Tun 2013 Apple ya ɗaure kowace iPhone da asusun iCloud na mai ita. Google ya bi sahu cikin 2015. Ko an wanke wayar tas, in ta tashi sai ta nemi suna da kalmar sirri ta wani mutum da ke Teksas ko Marsai, wanda bai san akwai wani gari wai shi Kano ba. Wannan ba kamfanin sadarwa da zai kwance shi. Masu alkawarin buɗewa suna da yawa, abin da suke bayarwa galibi rabin waya ne: ta kunna, ta ɗauki hoto, amma ba ta kira.

Abin lura shi ne ƙasashen da sunka ƙirƙiro dabaibayin kamfani sun fara gajiya da shi. Lokacin da iPhone ta farko ta fito a 2007, ɗaure da kamfanin AT&T, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna George Hotz ya buɗe ta cikin makonni, labarinsa ya zagaya duniya. Cikin 2014 shugaba Obama ya sa hannu bisa dokar da ta halatta wa Amurkawa buɗe wayoyinsu. Kanada ta hana sayar da ɗaurarrun wayoyi daga Disamba 2017, Japan daga Oktoba 2021, Ingila daga Disamba 2021. Amurka ce ta rage cikin manya, ita ce kuma babbar rijiyar da ake ɗebo wayoyin hannu. Sakamakon haka yana da ban takaici: jayayya ce tsakanin kamfani da abokin cinikinsa can ƙetaren teku, amma wanda ke biyan kuɗin kwancewa daga ƙarshe wani ɗan kabu-kabu ne ko ɗalibar jami'ar Yamai, waɗanda ba su ci wa kowa bashi ba.

Tsohon hannu ba ya cinikin biri a sama. Zai zauna bisa benci, ya buga *#06#, ya gwada lambar da wadda ke cikin saitin wayar. Zai ciro gurbin pis ya duba ko an ɓoye cip. Zai sa nasa pis na Nijar, ba na mai shago ba, ya ga ko za ta karɓa. Zai sa a wanke wayar gabansa, a tashe ta daga farko, ya ga ko za ta nemi asusun wani. In mai shago ya fara cewa batir ya yi ƙasa ko intanet ba kyau yau, sai ya miƙe ya yi sallama. Akwai kuma sabon tarko: tun daga iPhone 14, cikin 2022, waɗanda ake sayarwa Amurka ba su da gurbin pis ko kaɗan, sai layin da ake saukewa ta manhaja, wanda ake kira eSIM, don haka dole mai saye ya tabbata kamfaninsa na gida yana bayar da irinsa. Wasu masu dabara a Sin sukan huda jikin wayar su dasa mata gurbi, aikin da kyawonsa ya danganta ga hannun da ya yi shi. Ta Japan kuwa a da halinta dabam ne: ba ta yarda a kashe ƙarar ɗaukar hoto, ko wajen ɗaurin aure ko wajen zaman makoki.

Wadda ta faɗi jarrabawa duka ba a yar da ita. Can bayan kasuwa, inda masu gyara ke zaune da fitila da tabarau na ƙara girma, ana feɗe ta kamar ragon layya: gilashi gefe, batir gefe, kamara gefe, har ƙananan kusoshi ana zubawa cikin murfin kwalba, kowane da kuɗinsa. Gilashinta zai koma fuskar wata waya da ta faɗo daga babur, batirinta ya ƙara wa wata shekara guda. Ko wannan kasuwa ma an fara matse ta, domin tun 2024 Apple ya faɗaɗa kullen asusu har bisa gilashi da batir da kamara, ta yadda wayar da anka dasa wa kayan wata ɗaurarriya takan nemi kalmar sirrin mai ta farko kafin ta amince da su sosai. Masu gyara sun riga sun fara tambayar dillalai ko wace irin waya anka ciro kayan, kafin su biya.