Ƙarfen da ke cinyar 'yata: sa shi ya fi cire shi sauƙi

'Yar'uwa, idan a gidanku akwai wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a kwatangwalo, ko mahaifiya ce, ko maigida, ko ɗanki mai sikila, akwai maganar da ba a cika yi ba ranar sallama daga asibiti. Ranar kowa murna yake, mai ɗingishi ya miƙe, ana ta barka. Maganar ita ce, ƙarfen nan yana da wa'adi, kuma idan ranar sauya shi ta zo, fitar da tsohon daga cikin ƙashin cinya ya fi sa shi wahala nesa ba kusa ba. Ni na zauna jinyar duka biyun, shi ya sa nake so ki sani tun da sauran lokaci.

'Yata ta biyu tana da sikila. Tana shekara 19 kan ƙashin cinyarta ta dama ya mutu, saboda jini ya daina isa gare shi, abin da ke yawan samun masu wannan larura. Aka yanke mataccen kan, aka zura wani ƙarfe mai kama da turke cikin ramin ɓargo, aka ɗora masa ƙwallo, sannan aka dasa ɗan ƙoƙo mai shimfiɗar roba a ƙashin ƙugu don ƙwallon ya riƙa juyawa a ciki. Da shi ta gama karatu, da shi aka kai ta ɗakinta, da shi ta haifi biyu. Shekara 14 muka samu, alhamdulillahi.

Wani likita a Ingila mai suna John Charnley ne ya daidaita irin wannan aiki a farkon shekarun 1960, kuma tsofaffi aka fi yi wa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na waɗannan ƙarafa suna kai shekara 25. To amma yawancin mutanen da aka ƙirga dattawa ne na ƙasashen Turawa, ba sa goyo, ba sa daka, ba sa hawa bayan babur a hanya mai gargada. Mu kuwa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, don haka 'yan shekara ashirin muke kaiwa ɗakin tiyata. Wanda aka sa wa ƙarfe a wannan shekarun, in Allah ya yi masa tsawon rai, sai ya sa rai da komawa.

Nata ya fara ne da ciwo cikin dare, irin wanda ba ruwansa da tafiya ko hutu. Daga baya wani ɗan ƙurji ya fito a bakin tsohon ɗinkin, ya fashe, ya bushe, bayan sati uku ya dawo. 'Yan'uwa suka yi ta kawo shawara: wannan ta ce maruru ne a sayo kafso a kemis, waccan ta ce a kai ta wurin mai ɗori. Ina girmama masu ɗori a kan abin da suka gada, amma ƙafar da ke da ƙarfe a ciki ba ta hannunsu ba ce. Kafson kuma, don Allah kada ki saya. Likita zai zuƙo ruwan gaɓar da allura a gano ko wace ƙwayar cuta ce, kuma idan mara lafiya ya riga ya sha maganin kashe ƙwayoyi, gwajin yana iya fitowa fes alhali cutar tana nan. Shi ya sa sukan ce a dakatar da shi kamar sati biyu kafin a ɗebi ruwan.

Da sakamako ya fito na tambayi likitan abin da ke raina. Na ce, “Likita, tunda ƙarfen bai girgiɗe ba, me zai hana a ba ta magani mai ƙarfi a bar shi?”

Ya ce, “Hajiya, kin san santsin da ke kama cikin randa idan ta daɗe ba a wanke ba? Haka ƙwayoyin nan suke yi wa ƙarfe. Suna lulluɓe kansu da yauƙi, magani ba ya ratsa shi. Dole komai ya fito.”

A nan na fahimci abin da ya ɗaure mini kai da farko: ƙarfen da ya zauna daram shi ne mai wuyar cirewa. Hanya biyu ake kafa shi. Wani ana zuba masa simintin ƙashi ya riƙe shi a cikin ramin. Wani kuma, irin na 'yata, jikinsa kaushi gare shi, ƙashi ne ke tsirowa ya shiga ƙofofinsa har su zama abu ɗaya. Idan ƙarfe ya saki da kansa, ana maƙala masa abin ja a buga da wata guduma ya zare, wani lokaci cikin 'yan mintuna. Sai dai irin wannan sau da yawa ya riga ya ci ƙashin da ke kewaye da shi, don ɓurɓushin robar da ke gogewa yana sa jiki ya riƙa narkar da ƙashinsa. Wanda bai saki ba kuwa, in aka ja shi da ƙarfin tsiya, da ƙashin zai fito, ko cinyar ta tsage.

Saboda haka lallaɓa shi ake yi. Likita yana zura siraran wuƙaƙe masu lanƙwasa tsakanin ƙarfe da ƙashi, yana zagayawa kaɗan-kaɗan. Idan riƙon ya yi nisa can ƙasa inda wuƙa ba ta kaiwa, sai a buɗe wa ƙashin ƙofa. Ranar da ya zana mini wannan a takarda sai da cikina ya juya. Ana yanka gefen ƙashin cinya a tsaye da zarto, tsawon kamar santimita 12 zuwa 15, a ɗaga shi kamar murfin akwati, naman da ke manne da shi yana nan don jini ya ci gaba da ciyar da shi. Ta nan ake ganin ƙarfen ido da ido a raba shi da ƙashi, wani lokaci ma sai an yanke shi gida biyu. In an gama a mayar da murfin a ɗaure da wayoyi. Na ce masa wannan ai karya ƙafa ce da gangan. Ya ce haka ne, amma karayar da shi ya zaɓi wurinta da tsawonta ta fi wadda za ta zo masa ba shiri. Mai siminti shi ma da tasa wahalar: bayan ƙarfen ya fita, sai an bi simintin an farfasa an kwaso, ba tare da an huda ƙashin ba. Ga masu sikila abin ya ƙara tsauri, don ramin ɓargonsu yakan ƙuntace ya yi tauri a wasu wurare, a wasu kuma ƙashin ya yi laushi.

Yanzu ga inda hannunki yake shiga, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Kowane ƙarfe yana zuwa a kwali da sitika mai sunan kamfani da lamba da girma, ana liƙa su a fayil ranar tiyata. Ki roƙi kwafin wannan shafi da na bayanin aikin. Kamfanoni ba su da yawa, amma kowanne da irin ƙirarsa da kayan cire nasa, kuma ƙwallon wannan ba lallai ya hau wuyan ƙarfen wancan ba. Namu yana cikin ledar takardun makaranta a ƙasan akwati, da na miƙa wa likita sai da ya yi murmushi. Matar da ke gadon kusa da mu a ƙasar waje aka yi mata nata shekarun baya, ba ta da ko ƙyalle. Sai da likitoci suka yi ta tura hotonta ga abokan aikinsu ana cankar irin ƙarfen, ita kuwa tana kwance tana jira. Ki ɗauki takardar a waya yau ɗin nan, ki tura wa mutum biyu a dangi. Tsofaffin hotunan ƙashi ma kada a yar, da su ake gwada na yau a ga ko ƙarfen ya nutse.

Sai jini. Aikin ya fi na farko tsawo da zubar jini, kuma wanda aka sha ƙara masa jini a baya ba kowace leda jikinsa ke karɓa ba, ko da rukunin ya zo ɗaya. Mun fara tara masu bayarwa sati uku kafin ranar, 'yan'uwan mijinta suka yi mana kara. An ƙara mata tun kafin a shiga, aka kula da ruwa da ɗumi da iskar shaƙa don kada ciwon sikila ya tashi. Kuɗi kam ba sai na faɗa miki ba, ya ninka na farko, filin da na gada ne ya tafi.

Da yake cuta ce ta kawo mu, ba a sa sabon ƙarfe ranar ba. An cika gurbin da wani na wucin gadi da aka yi da siminti haɗe da magani, ta yi sati shida tana karɓar maganin ƙwayoyin, aka dakata, aka sake gwaji. Wata uku tana kan sanduna, ƙaramin ɗanta yana kukan goyo ba hali. Wannan zaman jiran ya fi tiyatar cin rai. Wata rana da asuba ta ce, “Umma, in kuma aka buɗe aka tarar ba ta mutu ba fa?” Ban da amsa, sai na ci gaba da shafa mata ƙafa.

An tarar ta mutu. Sabon ƙarfen ya fi tsohon tsawo, domin dole ya wuce inda aka yanka ya kama lafiyayyen ƙashi a ƙasa. Kin ga ke nan kowane sauyi yana cin wani yanki na cinyar, kuma wanda ya zo da wuri shi ke zuwa da ƙashi mai yawa. Don haka ciwon cinya a takun farko bayan an tashi daga zaune, ko ƙafa ta fara gajarta, ko ɗingishi ya dawo, ko tsohon ɗinki ya yi ruwa, duk na likitan ƙashi ne. Ko ba ciwo ma a riƙa zuwa hoto a lokacin da ya yanka, don narkewar ƙashi takan yi nisa shiru.

Bayan aikin na biyu ta yi makonni ba ta ɗora nauyi sosai a ƙafar ba, sai da murfin ya haɗe. Salla a kan kujera, banɗakin tsuguno an haƙura da shi, zaman tabarma da harɗe ƙafa an ɗage sai abin da likita ya ce. Masu gashin ƙashi suka karɓe ta, tana kuka tana yi. Yanzu sanda ɗaya take riƙewa in za ta kasuwa, a cikin gida kuwa ba ta nemanta. Da muka je hoton wata shida, babbar 'yarta ta leƙa ta ga wayoyi huɗu zagaye da ƙashin, ta ce an ɗaure ƙafar Mama kamar tsintsiya. Likita ya ce wayoyin suna nan zaune abinsu, ya rubuta mana ranar dawowa a bayan kati.