Tafiyarmu Lome da ƴar shekara 2

Yau labarin wata tafiya zan ba ku. A cikinta na yi kuskure, kuma ina so ku ji shi.

A watan Agusta na 2022 na samu hutu. Yayan maiɗakina ɗan kasuwa ne a Maraɗi, yana da ƙaramar mota. Zai tafi Lome, babban birnin Togo, inda ƙanwarsu take aure. Ya ce mu zo mu tafi tare. Mu huɗu ne a motar: shi, da ni, da maiɗakina, da ɗiyarmu. Shekarunta 2, ba a daɗe da yaye ta ba.

Mun tashi da asuba. Muka wuce Birnin Konni, Dogon Dutsi da Doso. Sai bayan isha'i muka shiga Gaya. Yarinya ta yi kuka har ta gaji. Ni kuwa ina ta duba agogo. Na riga na ƙidaya kwana 3 zuwa Lome, ba na son ƙari.

Da safe muka haye gadar kogin Isa, muka shiga Malanbil, ƙasar Benin. A iyaka an duba katin shaidarmu da takardar allurar shawara. Daga nan ƙasa ta fara sakewa. Gero yana raguwa, masara da auduga da doya suna ƙaruwa. Muka wuce Kandi. A wata tasha kusa da Paraku yarinya ta ga ruwan sanyi a hannun mai talla, ta miƙa hannu. Uwarta ta ce a ba ta namu, wanda ta tafasa tun daga gida. Na ce namu ya yi zafi. Na saya, na ba ta. Kuskurena na farko ke nan.

Mun kwana a Jugu. Cikin dare zawo ya kama ta. Kafin gari ya waye ta yi sau 4.

Uwarta ta ce: "Malam, mu tsaya nan mu ga likita."

Na ce: "Zawon hanya ne, zai wuce. In mun isa Lome mu kai ta."

Ba ta ce kome ba. Ta ɗauki yarinya ta shiga mota. Kuskurena na biyu ke nan, kuma ya fi na farko.

Muka shiga Togo, muka iso Kara. Can ne duwatsu suke. Ban taɓa ganin irinsu ba. Kore ne shar tun daga gindi har sama, hadari yana zaune a kansu. Manoman wurin suna jera duwatsu a gefen tudu, layi bisa layi, don kada ruwa ya kwashe musu ƙasa. Sai na tuna gonakin Adar.

Bayan Bafilo hanya ta fara hawa. Kwana ta dama, kwana ta hagu, ga rami mai zurfi a gefe. A Alejo an fasa dutse an ratsa hanya ta tsakiyarsa. Mota tana wucewa, dutse yana tsaye hagu da dama kamar bangon soro. Ni da yaya muna ta mamaki. A nan ne yarinya ta fara amai.

Na waiwaya. Idanunta sun faɗa. Bakinta ya bushe. Tana kuka, amma babu hawaye. Uwarta ta ce tun safe ba ta yi fitsari ba. Gabana ya faɗi. Waɗannan alamu na san su. Ruwan jikinta ne yake ƙarewa. Zawo da amai suna iya kashe ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci kaɗan.

Wannan karo uwarta ba ni ta yi wa magana ba. Ta ce: "Yaya, tsaya."

Ya tsaya. Ta fito da kwalba mai lita 1 ta tafasasshen ruwa. Ta zuba sukari cokalin shayi 6, a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Ta girgiza. Ta riƙa ba ta kaɗan kaɗan da cokali. In ta yi amai, sai ta jira minti 10, ta ci gaba. Ni malami ina tsaye a bakin hanya, hannuna babu kome.

Da muka iso Sokode, kai tsaye muka nufi gidan likita. Ya duba ta. Ya ba mu ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zinki ta kwana 10. Ya ce kada a hana ta abinci. Ya tambayi yaushe zawon ya fara. Na faɗa masa. Ya dube ni, bai ce uffan ba. Na sunkuyar da kai.

Kwana 2 muka yi a Sokode. A zangon garin muka samu masu jin Hausa. Wata tsohuwa ta ba mu ɗaki, ta dama wa yarinya kunu. Muka ɗaura mata gidan sauro, don damina ce. A rana ta biyu ta tashi ta bi kaji da gudu. Sai a lokacin na iya cin tuwo.

Daga Sokode zuwa Lome ya fi kilomita 300. Na cire agogo na sa aljihu. In ta motsa, mu tsaya. Ta sha, ta ci, ta taka ƙasa, sannan mu ci gaba. Yaya ya ce yanzu ita ce direba, shi karen mota ne.

Ranar da muka isa, da la'asar, aka kai mu bakin teku. Ruwa ne har iyakar ganin ido. Ga itatuwan kwakwa, ga masunta suna jan taru, ga manyan jirage suna jiran shiga tashar ruwa. Ƙasarmu ba ta da teku. Kaya da yawa da muke saye a kasuwa ta irin wannan tasha suke shigowa. An gargaɗe mu cewa igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, tana jan ko babba. Na riƙe hannun yarinya gam. Kumfa ya zo ya taɓa ƙafarta. Ta tsoma yatsa, ta lasa, ta yamutsa fuska, ta ce: "Magani!" Muka yi ta dariya. Uwarta ta yi dariya har da hawaye.

Ƴan uwa, a 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil. Duk mai niyyar tafiya kudu, ya fara tambayar halin da hanya take ciki. Amma ko kasuwar Jibiya za ku da ƙaramin yaro, ku ɗauki tafasasshen ruwa, da sukari, da gishiri, da cokali. In zawo ya fara, a fara ba shi nan take, a nemi likita mafi kusa. In uwar yaro ta ce a tsaya, a tsaya. Ni kwana 3 na ƙidaya, muka yi 5, kuma mu huɗu muka dawo gida.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani jiƙo.