Daga Bakin Kogi zuwa Fada: Gwajin Kyamarori a Daren Yamai

Birnin Yamai yana kimanin digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka magariba ba ta daɗewa a can: da zarar rana ta faɗi, duhu kan rufe gari kafin rabin sa'a, kuma a lokacin hunturu hazo kan rage hasken tun da la'asar. Wannan ne ya sa wasu masu ɗaukar hoto suka taso daga Maraɗi, suka bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Doso, domin gwada kyamarori uku na ƙwararru waɗanda duka suka fito a 2020, wato Sony A7S III da Canon EOS R5 da Nikon Z6 II. Sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara, kusan girmanta ɗaya a dukkansu, milimita 36 da 24, amma yawan ɗigon hoto ya bambanta: miliyan 12 a Sony, 45 a Canon, kimanin 24 a Nikon.

Zangon farko shi ne bakin kogin Neja, daura da Gadar Kennedy wadda aka buɗe a 1970, inda kwale-kwale ke komawa gaɓa bayan faɗuwar rana. A nan dole aka ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin da kyamara ke ƙara wa ɗan hasken da ta samu, wanda idan ya yi yawa sai hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Da aka buɗa hotunan sosai, na Canon ya fi nuna wannan tsaki saboda ƙanƙantar ɗigonsa, amma da aka mayar da su girma ɗaya sai tazarar ta ragu ƙwarai, har ma ya fi fito da saƙar komar masunta. Fifikon Sony ya fi bayyana a bidiyo, wanda dominsa aka ƙera ta.

Daga nan ayarin ya hau zuwa kewayen Babbar Kasuwa, inda matsalar ta koma ta gaurayar haske, domin a gaban mai tsire guda akwai jan garwashi, da farar fitila mai caji da ya rataya a kan tebur, da fitilun babura masu wucewa. Kowace kyamara ta yi nata hasashen launi, wata ta karkata ga ruwan ɗorawa, wata ga shuɗi, sai da aka saita da hannu kafin naman da fuskar mai shi suka fito da kamanninsu. Haka kuma, da yake lantarkin Nijar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilu kan jawo ratsi a bidiyo idan ba a daidaita saurin ɗauka da wannan adadi ba.

Zango na ƙarshe fada ce, wato majalisar samari masu shan shayi a bakin titi, inda hasken bai wuce na gawayin da ke ƙarƙashin buta da na allon wayoyi ba. A nan gilashin gaban kyamara ya fi sunan kamfani tasiri, domin wanda ke buɗewa zuwa f/1.4 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/2.8, har Nikon mai sauƙin kuɗi ta wuce sauran idan ita ce ke ɗauke da shi. Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan gidajen rawa na Yamai a shekarun 1960 da 1970, da fim da walƙiyar kyamara ya yi aikinsa, alhali na'urorin yau suna iya barin hasken wuri yadda yake. A taƙaice, gwajin ya nuna cewa mai aikin bidiyon dare ya fi dacewa da Sony, mai buga manyan hotuna da Canon, shi kuwa mai ƙaramin jari gara ya rage kuɗin kyamara ya ƙara a na gilashi.