Daga Hanjin Tsutsa Zuwa Jijiyar Majinyaci Akwai Tafiya

Da yawa daga cikin magungunan ciwon daji da nake bai wa majinyata, ƙwayoyin bakteriya ne tushensu. Doxorubicin, jan ruwan nan da ake sa wa masu ciwon dajin nono ta jijiya, ya fito ne daga wata bakteriya mai suna Streptomyces da aka samo cikin turɓayar Italiya. Bleomycin kuwa daga 'yar'uwarta ta Japan aka same shi.

Yanzu masana sun karkata ga hanjin ƙwari, domin bakteriyar da ke zaune a ciki tana fitar da sinadarai don ta kori kishiyoyinta. A 2019 masu bincike a Koriya ta Kudu suka ba da rahoton bombyxamycin, sinadarin da suka samu daga bakteriyar hanjin tsutsar siliki, wanda ya kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaje-gwaje.

Labarin ya faranta mini rai, ya kuma sa ni fargaba, domin na san yadda irinsa ke rikiɗa a bakin masu tallar magani. Abin da ya kashe ƙwaya a kwalba bai zama magani ba sai an gwada shi kan dabbobi, sannan mutane, shekaru masu yawa. Ko doxorubicin kansa, muna lissafa jimillar abin da majinyaci ya karɓa, domin in ya zarce ƙima yana raunana zuciya.

Saboda haka, in wani ya kawo muku garin ƙwaro da sunan binciken zamani, ku nuna wa likitanku tukuna, kada kuma ku tsallake ranar ƙarin ruwanku.