Doki Ɗaya, Mahaya Biyu

Ƙanena da ke bi na ba shi da zance sai na jirgin sama. Tun yana firamare, in muna kan soron gidanmu a Koki muka ji rugugin ƙananan jiragen nan na soja sun taso ta bayan Ƙofar Mazugal, to ko tuwo yake ci sai ya ajiye lomar ya ɗaga kai. Jiragen nan su ne L-39ZA, ƙirar Cekoslobakiya, waɗanda Nijeriya ta sayo a shekarun 1980, aka kuma daɗe ana koya wa matasan hafsoshi tuƙi da su a makarantar sojan sama ta nan Kano. Shi ya gaya mini wannan. Ni iyakar abin da na riƙe shi ne jirage ukun da suka fara sauka a ƙasar nan, na sojan Ingila, a Kano suka sauka cikin 1925, daga Masar. Burin yaron dai bai wuce ya shiga makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna ba, ya fito matuƙi.

To, akwai wani wasa na kwamfuta da ake kira DCS World, wanda ake kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi a cikinsa. Na ce wasa ne don ban sami wata kalma ba, amma wanda ya zauna gabansa ya san ba irin na ƙwallo ba ne, domin kowane maɓalli da ke cikin jirgin gaske an sa shi a mazauninsa. Tushen wasan kyauta ne, amma L-39 sai an saya da dala, sai dai kamfanin yakan ba mutum aron mako biyu ya gwada. Babban yayanmu yana da kwamfuta mai ƙarfi a shagon da ke jikin zaurenmu, wadda yake haɗa bidiyon biki da ita, ya kuwa yarda a yi amfani da ita bayan sallar isha'i. Saura sandar tuƙi, watau abin nan da yara ke kira joyistik. Wata biyar ƙanena ya yi yana ɗinkin hula yana tari, sa'an nan ya tafi Titin Beirut ya sayo wata ta hannu, Logitech Extreme 3D Pro. Da Baba ya ji abin da aka kashe bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Allah ya sa kuɗin nan ba rijiya aka zuba su ba.” Wanda ya san Baba ya san gara faɗan.

Gaggawa ta sa yaron ya buɗe aron mako biyun tun bai gwada sandar ba. Da jirgin ya rabu da ƙasa sai ya karkata hagu, ya yi ta karkata har ya kife, ya daki ƙasa ya kama da wuta. Haka a dare na farko, haka a na biyu, haka har na huɗu. Ran nan na dawo daga makaranta na tarar ya naɗe sandar cikin leda, idanunsa sun yi ja, wai da safe zai mayar wa mai shagon da ya cuce shi. Na san halinsa, na kuma san ba a mayar da kayan hannu ba tare da an yi baram-baram ba. Na ce ya ba ni dare ɗaya. Ya ce, “Yaya, kai da Hausa kake karantawa?” Na haɗiye wannan.

Abu na farko da na gane, bayan na sha karatun Turancin da ke allon, shi ne kwamfuta ba ta san nufin hannu ba. Sandar nan motsi huɗu gare ta: gaba da baya, dama da hagu, murɗawa, sai kuma wani ɗan harshe a gindinta da ake turawa. Kowane motsi lamba kawai yake aika wa kwamfuta. Wasan ne ke da wani jadawali na rabon aiki, a tsaye an jera ayyukan jirgi, a kwance an jera na'urorin da aka jona, a mahaɗarsu kuma a rubuta motsi kaza shi ke yin aiki kaza. In rabon ya karkace, ko sandar zinariya ce jirgi ba zai bi ta ba.

Saboda haka na fara da wanke mai shago ko kama shi. A Windows in ka rubuta joy.cpl sai wani ɗan akwati ya buɗe mai alamar gicciye a tsakiya. Na saki sandar, gicciye ya tsaya cak a tsakiya. Na kai ta dama ya bi, na kai ta hagu ya bi. Murɗawar ce kaɗai take ɗan rawa. Ashe bawan Allah bai cuci kowa ba. Muka koma cikin jirgin, na danna Ctrl na dama tare da Enter, wani jan akwati ya fito a kusurwa yana nuna abin da jirgin yake ji. Ga hannuna a cinya, ga sanda a tsaye, amma alamar ta lafe a hagu kamar an ɗaure ta. Nan fa basirata ta ƙare.

Muna cikin haka Baba ya shigo daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa da carbinsa. Ya ce, “To ɗan jami'a, gaya mini da Hausa, me ke damun abin?” Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta daren nan ba. Shekara uku ina nazarin harshen nan a Jami'ar Bayero, na rubuta jarrabawa a kan ƙirar kalma da aron kalmomi, amma na buɗe baki na rasa sunan motsi uku na jirgin sama. Dole na ƙaga su nan take. Na ce jirgi yana ɗaga kai ya sunkuyar, wannan aikin gaba da baya ne. Yana kishingiɗa a kan fiffike ɗaya, wannan na dama da hagu ne. Yana kuma waiwaye, watau hancinsa ya juya alhali fikafikansa suna daidai, wannan na murɗawa ne, wanda a jirgin gaske da ƙafa ake yi. Na huɗun bai ba ni wahala ba, direbobi sun riga sun ba mu totur. Na ce to, namu kishingiɗa yake yi ba wanda ya sa shi.

Baba ya yi shekaru yana hawa a bikin Sallah kafin gwiwa ta hana shi, kuma har gobe in ya ga doki ya san halinsa. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, “Dokin da ka daidaita masa linzami ya ƙi miƙewa, ko dai bakinsa da ciwo, ko kuwa wani na jan ragama a ƙasa. Kun ce bakin lafiya lau. To wa ke jan ragamar?”

Na koma jadawalin na duba a kwance, abin da ban yi ba da farko. Ga layin allon rubutu, ga na sandarmu, sai ga wani layi na uku can gefe, shi ma an rubuta masa kishingiɗa da ɗaga kai. Ashe wasan yana da wata ɗabi'a, duk na'urar da ya tarar a jone sai ya raba mata aikin tuƙi da kansa, ba tare da ya tambaya ba. Muka ja teburin. Hannun gem ɗin da yayanmu ke buga ƙwallo da shi ne ya faɗa baya, wayarsa na jone, bango ya danne ɗan sandansa zuwa hagu. Dare huɗu bangon gidanmu ne ke tuƙa jirgin! Na share layin nan kaf, na kuma zare wayar don kada a sake.

Daga nan sai ni ma na tafka tawa. Na tura sanda gaba na ga hancin jirgi ya yi ƙasa, na ce wannan ma a juye yake, na shiga wurin da aka rubuta Axis Tune na danna Invert. Ƙanena ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar da ya sayo sandar. Baba ma ya murmusa ya ce, “Kai Malam, in kana so doki ya ɗaga kai, tura linzami kake yi ko ja?” Haka abin yake a jirgi, ja ake yi. Totur ɗin ne yake a juye da gaske, shi muka gyara.

Rawar murɗawar kuwa tsufa ne da ƙura. A cikin sandar akwai wani ɗan ƙarfe da ke goga a kan zobe, irin na maɓallin ƙara murya a tsohuwar rediyo, in ya sha aiki ya sha hunturun Kano sai ya riƙa aika ƙarya. Maganinsa a wasan shi ne a ware ɗan fili a tsakiya wanda ba a jin motsin da ke cikinsa. Baba ya kira shi sako-sakon linzami, ni kuwa ban ga abin da ya fi wannan ba. Mun sa 6 a murɗawa, rawar ta tsaya. Sa'an nan muka lanƙwasa layin ji na sauran biyun zuwa 20, domin ƙaramin motsi ya zama mai taushi, babban kuma ya kai inda ya saba kaiwa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya jirgin ya tashi sosai, ya miƙe. Saukar ce ba ta yi kyau ba, ya karya ƙafa, amma wannan laifin matuƙi ne. Baba bai ce komai ba, sai dai washegari bayan isha'i na ga an shigo masa da kujera shagon. Kwana goman da suka rage yaron ya yi su cur, da aron ya ƙare ya koma kan Su-25T, wanda yake kyauta. A nan muka gane kowane jirgi da nasa jadawalin, sai da muka sake rabon tun daga farko.

Kalmomin na rubuta su a bayan littafina na darasin fassara. Guda ɗaya ta gagare ni. Akwai wani ɗan maɓalli a kan sandar da matuƙi ke taɓawa don jirgi ya zauna daidai ba sai ya yi ta riƙo da ƙarfi ba. Baba ya ce a kira shi gyaran sirdi, ƙanena ya ce daidaito, ni kuwa duka biyun ba su kwanta mini ba. Duk ɗan ƙungiyar nan da yake da wadda ta fi, ya same ni a sashe ranar Laraba bayan lacca.